Irin Shuka da Irin Malamai: Daga Shehunnan Sudan a Kano zuwa Jami'ar Gadarif

 

Yau muna so mu taɓo wani tarihi da ya haɗa ƙasar da muke ciki da ƙasar da kakanninmu suka baro, domin akwai darasi a cikinsa game da jami'ar da ke garinmu, da kuma 'ya'yanmu da ke karatu a cikinta.

Duk manomin Gadarif ya san wata ƙa'ida da ba sai an rubuta masa ba. Idan Allah ya kawo kaka, aka yanke riɗi aka sussuke dawa, kafin a loda buhuna zuwa kasuwar amfanin gona sai a ware iri, a zaɓi mafi kyawun ƙwaya a ajiye. Komai tsananin bazara, mai hankali ba ya taɓa wannan buhu, domin wanda ya cinye irinsa ya cinye damina mai zuwa. To, makaranta ma tana da irinta. Irin makaranta shi ne ɗalibin da malami ya zaɓa, ya tsare, ya rena har ya gaje shi a kan buzu ko a gaban allo. Makarantar da take yaye ɗalibai dubbai amma ba ta ware wannan iri, tana cin daminarta ne tun ba ta zo ba.

Magabatanmu sun san haka tun kafin a san kalmar jami'a a ƙasashenmu. A zauren ilimi malami ba ya ba da ijaza sai ga wanda ya sauke littafi a gabansa, ya kuma gwada shi da karantar da na ƙasa da shi. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi sukutum, Ida'un Nusukhi, don ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu da abin da ya karanta a gaban kowannensu. Nana Asma'u kuwa ta naɗa jajis, mata masu kai karatu ƙauyuka, don kada ilimi ya tsaya a gidan Shehu kaɗai. Hadisi ingantacce ya gargaɗe mu cewa ana ɗauke ilimi ne ta hanyar rasuwar malamai, har a wayi gari mutane sun shugabantar da jahilai. Maganin wannan kuwa shi ne kowane malami ya bar magaji.

Mu Hausawan Sudan mun saba ba da labarin tafiyar gabas. Mun san ayarin alhazai da suka ratso Barno da Wadai da Darfur a ƙasa, wasu suka yi shekaru a hanya suna noma suna tara guzuri. Mun san yaƙin Burmi na shekarar 1903 inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada, da yadda ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a har suka kafa gari a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Mun san yadda noman injina da aka fara a Gadambaliya a tsakiyar shekarun 1940 ya jawo iyayenmu da dama zuwa wannan yanki. Abin da ba mu cika faɗa wa yaranmu ba shi ne akwai wata tafiya ta yamma, wadda ba ayarin alhazai ya yi ta ba. Malamai ne suka yi ta, daga Sudan zuwa Kano.

A shekarar 1934, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka buɗe makarantar horar da alƙalai a birnin Kano, wadda ake kira Makarantar Shari'a. Ana neman malaman da suka san fiƙihun Malikiyya, suka kuma san tsarin aji da jadawali da jarrabawa. Turawan Ingila, waɗanda ke riƙe da ƙasashen biyu a lokacin, ba su so a ɗauko malamai daga Masar, domin suna tsoron siyasar neman 'yanci da ke tashe a can. Sai aka juyo Sudan, ƙasar da mazhabarta ɗaya da ta ƙasar Hausa, Risala da Mukhtasar ɗin Halilu da ake karantawa a Kano su ake karantawa a Umdurman. Shehunnai uku suka amsa kira: Shehu Bashir Rayyah, da Shehu Muhammad Salih Suwarud Dahab, da Shehu Nur Tinƙari. A shekarar 1947 aka faɗaɗa makarantar ta zama Makarantar Nazarin Larabci, aka haɗa horar da malamai da horar da alƙalai. Malaman Sudan suka ci gaba da zuwa, cikinsu har da Shehu Awad Muhammad Ahmad, wanda daga baya ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa na farko. Har gyaran dokokin shari'a da aka yi a Arewacin Nijeriya gab da samun mulkin kai, Alƙalin Alƙalan Sudan Sayyid Muhammad Abu Rannat ne ya shugabanci kwamitin masana da ya ba da shawara a kansa a shekarar 1958.

Sai dai Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Da shugabannin Arewa sun tsaya ga aron malamai kawai, da ranar da baƙi suka koma gida makarantar ta koma kango. Abin da suka yi ya fi haka hikima. Sun zaɓi zaratan ɗaliban da shehunnan nan suka rena, suka tura su ƙaro ilimi don su dawo su karɓi alli. A shekarar 1954 aka turo ayarin matasa zuwa cibiyar horar da malamai ta Bakhtur Ruda, kusa da Duwaim a bakin Farin Nilu, cibiyar da ita ma a 1934 aka kafa ta. Cikin waɗannan matasa akwai Abubakar Mahmud Gumi da Halliru Binji da Shehu Ahmad Sa'id Galadanci. Ku duba abin da wannan ɗan ƙaramin iri ya haifar. Abubakar Gumi ya gaji Shehu Awad a kujerar Alƙalin Alƙalai a shekarar 1962, ya kuma fassara Alƙur'ani mai girma da Hausa. Halliru Binji ya zama babban alƙali kuma malamin malamai a Sakkwato. Shehu Galadanci kuwa, ga nasa labarin nan tafe.

A shekarar 1960 aka buɗe wata kwaleji a harabar Makarantar Nazarin Larabci ta Kano, wadda bayan kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 aka sa mata sunan Abdullahi Bayero, ta zama reshen jami'ar mai kula da Larabci da addinin Musulunci. A tsakiyar shekarun 1960 aka gayyato wani gwarzo daga Jami'ar Hartum ya shugabance ta, wato Farfesa Abdullahi Aɗ-Ɗayyib, mutumin yankin Damar, mawallafin Al-Murshid a kan waƙoƙin Larabawa, wanda iyayenmu suka san muryarsa a tafsirin gidan rediyon Umdurman. Bai daɗe a Kano ba, amma ya aza harsashi, ya kafa ma'aunin da ake auna malami da ɗalibi da shi. Da ya komo gida, sai ɗan ƙasa Alhaji Hamidu Alƙali ya karɓa, bayansa kuma sai Shehu Galadanci, wato ɗalibin Bakhtur Ruda na jiya. A shekarar 1975 Galadanci ya tafi ya zama shugaban farko na sabuwar Jami'ar Sakkwato, kwalejin Kano kuma ta zama cikakkiyar Jami'ar Bayero a 1977. Daga saukar shehunnai uku zuwa tsayuwar jami'a da ƙafafunta shekara 43 ke nan. Bishiyar malamai ba ta yin 'ya'ya a damina ɗaya.

Mai karatu zai iya tambaya: ina Sudan ta samo malaman da har ta ara wa wasu? Amsa ita ce ita ma irinta ta ware. An buɗe Kwalejin Gordon a Hartum a shekarar 1902, da Ma'ahadin Ilimi na Umdurman a 1912, da makarantar likitanci ta Kitchener a 1924. Kwalejin Gordon da makarantar likitanci suka haɗu suka zama kwalejin jami'a a 1951, sannan Jami'ar Hartum a 1956, shekarar da ƙasar ta sami 'yancin kai. A farkon lamari yawancin manyan malamanta baƙi ne. Sai jami'ar ta ɗauki wata hanya tsayayya: duk shekara tana riƙe ɗaliban da suka fi fice a matsayin mataimakan malamai, ta tura su waje da kuɗinta su yi digirin digirgir, da sharaɗin su dawo su koyar. Tana gayyato masu jarrabawa daga wasu jami'o'i su duba takardun ɗalibanta don kada ma'auni ya faɗi, kuma ba ta ɗaga darajar malami sai ya nuna binciken da ya wallafa. A 1958 ta sami shugabanta na farko ɗan ƙasa, Nasr Alhaji Ali. Abdullahi Aɗ-Ɗayyib kansa ya kammala digirinsa na digirgir a Landan a 1950, ya dawo ya koyar a Bakhtur Ruda da Hartum. Da irin wannan tsari ne Jami'ar Hartum ta zama abin kwatance a Afirka da ƙasashen Larabawa a shekarun 1960.

Daga baya sai rumbu ya fara yoyo. Bayan tashin farashin man fetur a 1973, ƙasashen Tekun Fasha suka buɗe jami'o'i suna neman malamai da albashi mai tsoka, a daidai lokacin da darajar fam ɗin Sudan ke zubewa. Malamai suka riƙa fita da sunan aro na 'yan shekaru, da yawa ba su dawo ba. Sa'an nan bayan juyin mulkin 1989 aka kori ma'aikata da dama, cikinsu har da malaman jami'a, ƙarƙashin abin da aka kira maslahar jama'a. A daidai wannan lokaci kuma gwamnati ta shelanta juyin juya halin ilimi mai zurfi: aka mayar da harshen koyarwa Larabci, aka ninka yawan ɗaliban da ake ɗauka, aka buɗe jami'o'i a jihohi. Ƙasar da jami'o'inta ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ba, cikin 'yan shekaru ta wayi gari da fiye da ashirin. A gabashin ƙasa aka kafa Jami'ar Gabas, wadda a shekarar 1994 aka raba ta uku: Kasala, da Bahar Maliya a Bur Sudan, da tamu ta Gadarif.

Adalci ya wajaba a nan. Mu ne shaidun alherin wannan buɗi. Kafin jami'a ta zo garinmu, ɗan manomi daga ƙauyukan Rahad ko na bakin kogin Atbara sai ya yi sa'a ƙwarai kafin ya ga ƙofar jami'a, 'ya mace kuwa sau da yawa iyaye ba sa yarda ta tafi Hartum ita kaɗai. Yau a unguwanninmu akwai likitoci da malaman makaranta da ma'aikatan gona, maza da mata, waɗanda a nan gida suka yi karatu. Amma gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata: a faɗin ƙasa an faɗaɗa gona fiye da irin da ke cikin rumbu. Ana iya gina aji cikin wata shida, amma malamin jami'a, daga shigarsa ajin farko zuwa ranar da zai iya duba binciken wani, yana cin shekara goma sha biyar ko fiye. Sababbin jami'o'i suka dogara da malamai masu ziyara da ke zuwa daga Hartum da Madani su dunƙule karatun zango cikin 'yan makonni, matasan malamai kuma aka ɗora musu azuzuwa masu cunkoso, babu lokacin bincike, babu kuɗin tura su ƙaro ilimi kamar yadda aka yi wa na gabansu.

Kada wani ya ɗauka bincike ado ne na masu manyan riguna. Ku tuna da cutar kala'azar da ta daɗe tana ɗauke mana yara a ƙauyukan kudancin jihar nan. Masu bincike ne suka gano cewa wani ɗan ƙanƙanin ƙuda ke yaɗa ta, wanda ke rayuwa a dazukan ƙaya da aduwa, a kan baƙar ƙasar nan tamu mai tsagewa da rani. Likitocin Jami'ar Hartum, irin su marigayi Farfesa Ahmad Muhammad Alhasan, sun shafe shekaru suna aiki a kan cutar a wannan jiha, kuma gwaje-gwajen da aka yi a asibitocin yankin sun taimaka wajen rage kwanakin allurar magani daga 30 zuwa 17 ta hanyar haɗa magunguna biyu. Uwar da ta taɓa kwana a gindin gadon ɗanta a asibitin karkara, ga damina ga gona tana jira, ita ta san darajar kwana 13. Haka nan ƙudujin da ke shanye dawa, wanda 'yan'uwanmu Larabawa ke kira buda, da gajiyar ƙasa bayan shekaru ana nomanta babu hutu, da ƙarancin ruwan sha da garin Gadarif ya daɗe yana fama da shi. Waɗannan matsaloli namu ne, kuma wanda zai zauna da su shekara ashirin yana nazari shi ne malamin da gidansa da gonar mahaifinsa suke nan.

Sai ga jarrabawar da ta fi kowacce. Tun ranar 15 ga Afrilu 2023 da yaƙi ya ɓarke a Hartum, jami'o'in babban birni suka rufe, aka wawashe ɗakunan gwaji da na karatu. A watan Disamba na shekarar aka shiga Madani, Jami'ar Jazira ita ma ta watse. Gadarif ta cika da masu gudun hijira, makarantu suka zama matsuguni. Malamai suka yi watanni ba cikakken albashi, waɗanda suka sami hanya suka tsallaka Masar da Saudiyya da sauran ƙasashe. Gine-gine za a sake gina su idan Allah ya kawo zaman lafiya mai ɗorewa. Amma farfesan da ya kai iyalinsa wata ƙasa, 'ya'yansa suka shiga makaranta a can, dawo da shi sai an yi da gaske. Tambayar da ke gaban kowace jami'a a Sudan yau ita ce wadda ta fuskanci Kano a 1934: wa zai koyar, kuma wa zai gaji mai koyarwa?

A nan ne maganar ta dawo kanmu. Mun sha zama a zauren dattawa ana kawo shawara irin wannan: yaro ya fita da sakamako mafi kyau a ajinsu, kulliyarsa ta nemi ta riƙe shi mataimakin malami, amma albashin ba ya sayen buhun dawa da cefanen wata. Sai dangi su taru su ce ya shiga kasuwa, ko ya nemi bizar waje, ko ya bi 'yan'uwansa wurin haƙar zinariya. Ba mu ga laifin uban da ke da baki goma a gida ba. Amma mu sani, duk lokacin da muka yanke irin wannan shawara, buhun iri muka kai kasuwa. Kuma al'umma irin tamu, wadda sau da yawa wasu ne ke rubuta tarihinta, tana da buƙata ta musamman ga 'ya'yanta a kujerun bincike. Ku dubi Farfesa Al-Amin Abu Manga, ɗan Mai Wurno, na Cibiyar Nazarin Afirka da Asiya a Jami'ar Hartum. Littafinsa na shekarar 1999 a kan Hausar Sudan da yadda take cuɗanya da Larabci ya sa harshen da muke magana da shi a gidajenmu ya shiga ɗakunan karatu na duniya. Mutum ɗaya ke nan da ya zauna ya yi haƙuri da alli. Ina a ce muna da ashirin irinsa, a fannin likitanci da noma da shari'a da tarihi?

Abin da muke roƙo bai fi ƙarfinmu ba. Yadda muke haɗa gudummawa idan za a gina masallaci ko a rufa ɗakin khalwa, haka ya kamata attajiranmu da manyan manomanmu su ware wani abu daga amfanin kaka, a yi asusu na amana da zai ɗauki nauyin matashi ko matashiya da aka riƙe a jami'a, a cike masa giɓin albashi, a biya masa kuɗin digiri na biyu da na uku, da sharaɗi rubutacce a gaban shaidu cewa zai koyar a nan shekaru ƙididdigaggu. Masu gonaki su buɗe wa masu bincike wani yanki su gwada iri da maganin ƙuduji. Masu tsofaffin takardu da littattafan kakanni na ajami da Larabci su bari a ɗauki hotonsu kafin gara ta riga mu. Malamanmu na zaure kuma su riƙa faɗa wa jama'a cewa koyar da likitanci da noma farali ne na kifaya, wanda idan kowa ya bari kowa ya yi laifi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Muna kuma miƙa kira ga hukumomin Jami'ar Gadarif da su dubi yamma kamar yadda Kano ta taɓa duban gabas. Jami'ar Bayero da ta Usmanu Ɗanfodiyo da ta Ahmadu Bello suna da sassan Larabci da noma da likitanci, ƙasarsu tana noma dawa da riɗi kamar tamu, ƙudujin da ke damunmu yana damunsu. Ɗaliban Nijeriya da Nijar masu yawa sun yi karatu a Jami'ar Afirka ta Ƙasa da Ƙasa a Hartum, wasunsu yau malamai ne a can gida, sun san ƙasar nan sun san harshenta. Yarjejeniyar musayar malamai da horar da matasa tsakanin ɓangarorin biyu ba baƙon abu ba ne, sabunta tsohon zumunci ne. Mu kuma da muke jin harsunan biyu, muke da dangi a ɓangarorin biyu, mu ne gadar da ta fi dacewa a taka. Sharaɗi ɗaya dai kada a manta da shi, wanda ya sa aron Kano ya yi albarka: duk malamin da aka aro, a zaunar da ɗan gida kusa da shi, don ranar da baƙo zai yi sallama a sami wanda zai karɓi alli.

Allah ya jiƙan Shehu Bashir Rayyah da abokan tafiyarsa, ya jiƙan Abdullahi Aɗ-Ɗayyib da dukkan malaman da suka bar gidajensu don su haskaka gidajen wasu. Allah ya kashe wutar fitina a ƙasarmu Sudan, ya mayar da kowa gidansa lafiya, ya ba mu damina mai albarka, ya kuma ba mu zuciyar ware iri. Wanda yake da wani tsoho a gida da ya san labarin ɗaliban Nijeriya a Bakhtur Ruda, ko na malaman Sudan da suka zauna Kano da Sakkwato da Zariya, muna roƙonsa ya zauna da shi ya rubuta abin da ya ji tun tsohon yana raye.